Yadda Ake Shirya Zaman Rage Ƙosawa da Aiki ga Ma'aikatan Asibiti

Ungozomar da a da take lallashin mai naƙuda, yau kuma tsawa take daka mata, ba lallai halinta ne ya sauya ba. Sau da yawa aiki ne ya cinye ta. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan yanayi a matsayin abin da wurin aiki ke haifarwa, ba cuta ba. Alamunsa uku ne: ƙarewar kuzari, jin ba ruwanka da majinyaci, da ganin aikinka ba ya tsinana komai.

A fara da awo. Takardar Maslach, mai tambayoyi 22 da ke auna yawan ƙosawar mutum da aiki, ita aka fi amfani da ita. Kada kowa ya rubuta suna, domin in da suna, kowa "lafiya lau" zai ce.

Sai a haɗa mutum 8 zuwa 10, awa ɗaya duk mako, har mako takwas, kuma a cikin lokacin aiki. Nas da ta sauka daga aikin dare ta hau Keke zuwa Rigasa ko Sabon Tasha a Kaduna ba za ta dawo don taro ba, kuma da gaskiyarta.

Minti biyar na farko na numfashi ne: a shaƙa ana ƙirga huɗu, a saki ana ƙirga shida. Tsawaita fitar numfashi yana sassauta bugun zuciya. Daga nan mutum ɗaya ya kawo labarin majinyacin da ya tsaya masa a rai, ba tare da suna ba, irin tsarin da likitan ƙwaƙwalwa Michael Balint ya fara da likitoci a Landan. Sauran su saurara. Ba a gyara masa magani, ba a tsare shi da "ka yi haƙuri" tun bai gama ba. Wannan kalma, duk kyawunta, ita ke rufe bakin mutane. In ya ce "ni na kashe yaron nan", mai jagora ya sa a raba takarda gida biyu: abin da ke hannunsa, da wanda ba ya hannunsa, kamar kawo yaro a makare ko rashin jini.

Abu biyu ke lalata zaman. In shugabar sashe ta zauna ciki, kowa zai kame bakinsa. In kuma aka gama zaman aka mayar da mutum jadawalin dare biyar a jere, an yi aikin baban giwa. Don haka koke kan jadawali a rubuta shi daban, a kai wa hukuma.

Wanda ya yi mako biyu barci ya ƙaurace masa, ko ya fara yi wa kansa allurar kashe zafi, ko yana ambaton mutuwa, zaman rukuni bai ishe shi ba. A raka shi ganin likita, misali a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Sauran kuma a maimaita musu awon bayan wata uku.