Rawar sitiyari da gyaran birki a motar jeji: kurakuran da na gaji da gani

Duk sabon mai motar jeji, irin mai ja da ƙafa huɗu, ranar da sitiyari ya fara kaɗawa a hannunsa abu ɗaya yake yi: ya tafi sayen kaya. Wannan ya sayo faifan birki, wancan ya sayo tayoyi, wani kuma shokozoba. A ɗaura, a yi kwana biyu, rawa ta dawo. Na ga haka har na gaji, kuma ni kaina na taɓa faɗawa ciki, shi ya sa abin yake ci mini rai. Tambayar da ya kamata a fara yi ita ce wadda ake tsallakewa: yaushe rawar take zuwa?

Kafin ka kwance noti ko ɗaya, ɗauki motar ka hau kwalta mai kyau, ka kashe rediyo, ka saurare ta. Idan rawar tana tasowa ne lokacin da gudu ya kai wajen kilomita 80 zuwa 110 a awa, ƙafarka ba ta kan birki, kuma tana raguwa in ka rage gudu ko ka ƙara, to maganar taya ce da wili, birki ba ruwansa. Idan shiru kake tafiya sai ka taka birki sannan sitiyari ya fara kaɗawa, feda kuma tana bugun tafin ƙafarka, nan ne za a duba faifan gaba. Idan a kujera da ƙasan mota kake jin girgizar fiye da a hannu, ka nemi tayoyin baya ko farfela, wato dogon ƙarfen ƙarƙashin mota da yake kai ƙarfin inji ga tayoyi. Akwai kuma ta huɗu, wadda take tashi bayan ka daki rami, zan zo kanta domin ita ce mai haɗari.

Kuskure mafi sauƙi shi ne mantawa da laka. Ka shiga taɓo, ya cika cikin wili, ya bushe ya zama kamar dutse a gefe guda. Gubar da ake maƙala wa wili don daidaita nauyinsa 'yan giram ne kawai, to ina ga curin laka mai cika tafin hannu? Ni duk sanda na fito daga jeji sai na sa ruwa mai ƙarfi ta bayan wili kafin in zargi komai. A nan kuma nake duba ko gubar ta fita, ko dutse ya lanƙwasa bakin wili, ko taya ta yi kumburi.

Yanzu ga wanda ya cinye mini kuɗi da lokaci. Motata ta fara rawa a kan birki, na ce faifai ya lanƙwashe, kamar yadda kowa yake faɗa. Na sa sabbi. Mota ta yi lafiya lau wata uku, sai rawar ta dawo. Na ce kayan ne marasa kyau, na sake sayen wasu masu tsada. Bayan wasu watanni ga ta kuma. A karo na uku ne wani dattijon bakanike ya cire faifan, ya ajiye shi gefe ko kallonsa bai yi ba, ya shafa yatsa a fuskar ƙarfen da faifan yake zama a kai. Ya nuna mini yatsan, ja wur da tsatsa da busasshiyar ƙasa. Ya ce, «Malam, a kan wannan ka ɗora sabon faifai har sau biyu?» Ban da abin cewa.

Ga yadda abin yake. Idan aka ɗora faifai a kan tsatsa, ba zai zauna daidai ba, zai riƙa juyawa da ɗan karkata. A yawancin motoci karkatar da aka yarda da ita ba ta wuce wajen milimita 0.05 ba, kusan kaurin silin gashi. Ranar farko ba za ka ji komai ba. Amma duk juyi ɗaya, gefen da ya turo yana gogar fatar birki, yau da gobe har kaurin faifan ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Wannan bambancin kauri shi kake ji a ƙafa da hannu, kuma yana ɗaukar dubban kilomitoci kafin ya bayyana, shi ya sa mutum ba ya danganta shi da ranar da aka ɗaura. Dattijon ya ɗauki burushin waya da samfefa ya goge wurin har ya yi ƙyalli, ya ɗora faifai, ya kafa agogon awo a jikinsa yana juya shi da hannu yana kallon allura. Aikin bai kai rabin awa ba. Tun daga ranar ban sake ɗora faifai ba tare da na goge mazauninsa ba, kuma ba na barin kowa ya yi mini.

Abokin wannan kuskure shi ne ɗaure notin wili da injin iska. Wallahi abin nan yana ba ni haushi. Yaro ya ɗana injin a kan noti ɗaya ya danna har sai ya ji ya ƙi motsi, sauran huɗu ko biyar ɗin kuma ya bi su a jere. Noti ɗaya ya sha ƙarfi fiye da kima, wani bai kai ba, faifai ya matsu a karkace, kuma ka koma inda ka fito. Me ya hana a ɗaura da hannu? Ni ina kama su duka da yatsa tukuna, sannan in bi su tsallake-tsallake, wannan sai na gabansa ta ɗaya ɓangaren, in ƙarasa da sifana mai awon ƙarfi a kan adadin da littafin motar ya faɗa. Bayan tafiyar kilomita 50 ko makamancin haka in sake bi. In ba ka da wannan sifana, sayenta ya fi sayen faifai sau biyu.

Masu kai faifai a kankare shi a inji, ku duba gefensa tukuna. Akwai rubutu MIN TH da lamba, shi ne iyakar sirancin da aka yarda. In kankarar za ta kai shi ƙasa da haka, ku jefar.

To, ga ta huɗun. Motocin da gabansu yake kan aksul guda ɗaya miƙaƙƙe, irin su Land Cruiser 70, Jeep Wrangler, Suzuki Jimny da tsofaffin Patrol, in kayan gabansu suka ci, suna iya yin wata irin rawa mai firgitarwa. Kana cikin gudu ka daki rami ko gargada, sai sitiyari ya shiga kai da komowa da ƙarfi kamar za a fizge shi daga hannunka, kuma ba zai daina ba sai ka rage gudu sosai ko ka tsaya. Da ta same ni, shawarar da kowa ya ba ni ita ce in canza ɗan shokozoban nan na sitiyari da yake kwance a gaba. Na canza, rawa ta lafa, na yi murna. Ashe rufe ciwo na yi. Bushi, wato robar da ke bakin sandar da take riƙe aksul kada ya yi gefe, ya riga ya mutu, yana ta ƙara ci a ɓoye, har ramin kusarsa ya faɗaɗa. Ranar da rawar ta dawo ina kan gangara da mutane a mota, kuma har yau ba na son tuna yadda na tsayar da ita.

Don Allah ku daina wannan. Aikin shokozoban sitiyari shi ne ya shanye bugun dutse kada ya kai hannunka, ba zai gyara abin da ya saki ba. Abin da nake yi yanzu ba ya buƙatar komai sai mutum biyu. Mota tana ƙasa a kan tayoyinta, ɗaya ya zauna yana kaɗa sitiyari hagu da dama a hankali, ni kuma ina kwance a gaba da tocila, hannuna a kan kowane mahaɗi: tayarod (sandar da take kai juyin sitiyari ga taya), bushin sandar aksul, akwatin sitiyari. Wanda ya saki za ka ji shi yana ɗan bugu a yatsa kafin ma ka gani. Sannan in ɗaga motar, in kama taya sama da ƙasa in girgiza, in ta yi motsi boris ɗin da taya take juyawa a kai ne ko boljoyin, mahaɗin da yake riƙe ta. In kama ta hagu da dama, in ta yi motsi tayarod ne. Wanda ya ƙara wa mota tsawo ko ya sa manyan tayoyi, ya san ya ƙara wa waɗannan kayan nauyi, sai ya fi kowa yawan dubawa. Kuma alaimen, wato daidaita saitin tayoyi, a kan kayan da suka saki asarar kuɗi ce, a gyara tukuna.

Man birki ma ana wasa da shi. Yana shan damshi daga iska, kuma da zarar ya sha sai ya riƙa tafasa da wuri. Sabon man birki mai lamba DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa zai iya saukowa wajen 155. DOT 3 kuwa daga 205 zuwa 140. A doguwar gangara, mota cike da kaya, ƙafa a kan birki tun daga sama, wannan bambancin shi ne tsakanin feda mai tauri da feda mai nutsewa har ƙasa. Ni duk shekara biyu nake zubar da shi, in na yawaita shiga ruwa ba na ma kai haka. A gangara kuma ƙaramar giya nake sawa, inji ya riƙe motar. DOT 5 dabam yake da sauran, na silikon ne, kada ka haɗa shi da su don ka ga lambarsa ta fi girma.

Sauran ƙanana ne, amma kullum sai na gansu. Ana barin kalifa, wato abin da yake matse faifai, tana lilo a jikin tiyonta in an kwance ta. Ɗaure ta da waya. Ana canza fatar birki a gefe ɗaya a bar ɗaya, mota ta riƙa ja gefe. Ana shafa wa sandunan da kalifa take zamewa a kai giris na gama-gari, ya kumbura robar, birki ya riƙe; nasu giris ɗin dabam ne. Ana musanya kalifar hagu da ta dama, bakin fitar da iska ya koma ƙasa, a kwana ana fitar da iska ba ta fita. Wasu suna jin feda tana bugu a kan tsakuwa ko yashi su ce birki ya lalace, alhali ABS ce, na'urar da take hana taya kullewa in an taka birki, take aikinta. Wasu kuma suna barin mota a giyar ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta, alhali motarsu ba mai zama a haka ba ce, sai ta riƙa tirjiya a kwana. Shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai kuwa, ba na ma tsayawa muhawara a kai.

Idan ka gangaro faifai ya yi zafi, ka ɗan jira kafin ka faɗa ruwa. In ka fito daga ruwan, ka tafi a hankali kana taɓa birki kaɗan-kaɗan har ya bushe. Sabuwar fata ma haka nake mata: in nemi hanya marar jama'a, in rage gudu daga 60 zuwa kusan tafiyar ƙafa sau takwas ko goma ba tare da tsayawa cak ba, sannan in yi tafiya ta huce. Amma kafin duk wannan, tun mota tana tsaye inda aka yi aikin, ka taka feda sau da yawa har ta yi tauri. Lokacin sa sabuwar fata an tura fistin kalifa ciki, don haka takun farko fanko ne, feda za ta tafi ƙasa ba abin da zai kama. Na taɓa ganin wanda ya manta, ya ja da baya, bango ne ya tsayar da shi.