Atisayen Asuba a Hunturu: Yadda Mai Aiki da Iyali Zai Haɗa Gudu da Keke da Iyo a Katsina

Daga sallame sallar asuba zuwa lokacin kai yara makaranta, abin da magidanci ke da shi bai wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba. A Katsina, cikin Disamba da Janairu, alfijir yana ketowa tsakanin biyar da rabi da shida saura kwata, rana kuma sai wajen bakwai saura take fitowa. Wanda ya fito masallaci ƙarfe shida, kuma ana jiransa a gida bakwai da kwata, kusan rabin atisayensa cikin duhu da sanyi da hazo zai yi shi. A kan wannan ɗan lokacin ake gina duk tsarin atisayen tirayatalon.

Tirayatalon gasa ce ta wasanni uku a jere: iyo, tuƙin keke, sannan gudu. Ƙaramin zangonta iyo ne na mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Na Olamfik, inda aka fara shigar da wasan a birnin Sidni na Ostareliya a 2000, ninki biyun wannan ne. Mai zuwa ofis ko shago, ga kuma iyali, ya tsaya a ƙaramin tukuna. Awa biyar zuwa shida a mako sun ishe shi.

Fitar asuba tun da dare ake shirya ta. Bayan isha'i ka jera takalmi da safa da riga da fitila wuri guda, ka duba iskar taya, ka cika gorar ruwa. Ka bar kuɗin cefane, ka tabbatar kayan makarantar yara suna wurinsu, kada neman safa ɗaya ya haɗa ka da uwargida ƙarfe bakwai. Barci kuwa awa bakwai ake nema, wato kwanciya ƙarfe goma. A nan ne yawancin mutane ke faɗuwa, domin wasannin zakarun Turai na daren Talata da Laraba ƙarfe tara ake take su a wannan lokacin, sai wajen sha ɗaya a tashi. Duk daren da ka kalli ƙwallo ko ka daɗe a majalisa, ka ɗauki washegari a matsayin ranar hutu. Atisaye a kan barcin awa biyar gyangyaɗi a wurin aiki yake haifarwa, da saurin fushi a gida.

Rabon mako yana iya zama haka. Talata gudu a hankali na minti 40. Laraba keke minti 50. Alhamis gudu mai ɗan zafi: minti uku da sauri, minti biyu a hankali, sau biyar. Asabar ce babbar rana: keke awa ɗaya da rabi, kana sauka ka sauya takalmi ka yi gudun minti 10 zuwa 15, saboda ƙafa ta saba da nauyin da take ji bayan feda. Ka dawo kafin tara, ɗaurin aure da zumuncin Asabar ba sa jiran kowa. Litinin da Juma'a hutu. Kashi huɗu cikin biyar na atisayen ya kasance a saurin da za ka iya hira da abokin gudunka ba tare da haki ba, kuma abin da za ka ƙara a kowane mako kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Ciwon ƙwauri da na gwiwa galibi daga gaggawar ƙari suke.

Iyo shi ne mai wuya a garinmu, kuma bai kamata a sa shi da asuba ba. Ruwan da ya kwana a fili cikin hunturu yana da sanyin da ke riƙe numfashi ya ɗaure gaɓɓai. A mayar da shi Lahadi bayan azahar, da wata rana guda bayan la'asar idan aiki ya bari. Ka auna tsawon wurin iyon da ka samu a otal ko kulob: idan mita 25 ne, ƙetarawa 30 ce mita 750, idan mita 15 ne sai 50. Ka fara da ƙetarawa huɗu-huɗu da hutun daƙiƙa 30 a tsakani. Dam da kududdufi kuma muna roƙo a bar su, ko Ajiwa ce ko Zobe ko Jibiya. Ruwan da ke kwance wurin zaman katantanwar da ke yaɗa tsargiya ne, ga laka da zurfin da ba a gani, ga rashin mai ceto. Wanda bai samu wurin iyo ba ya yi gudu da keke kawai. Akwai gasar da ake yi da su biyun: gudu kilomita 5, keke 20, sannan gudu 2.5.

Sanyin safiya yakan sauka zuwa digiri 12 zuwa 15. Riguna biyu marasa kauri sun fi suwaita ɗaya mai nauyi, domin bayan minti goma jiki zai ɗau zafi, ka cire ta sama ka ɗaura a ƙugu. Ta ciki kada ta zama ta auduga, tana shan gumi ta kwanta a jiki da sanyi. Mai keke ya fi mai gudu shan iska, ya nemi safar hannu da abin rufe kunne a ƙarƙashin hular kwano. Minti goman farko tafiya ce da sassarfa, tsokar da ba ta ɗumama ba ita ke saurin yagewa. Kafin fita a shafa man kaɗanya ko basilin a leɓe da bakin hanci da diddige, saboda haɓo da faso.

Ƙura ta fi sanyi illa. Mai gudu yana jan iska ninkin-ba-ninkin na wanda ke zaune, kuma ta baki, ba tare da hanci ya tace ba. Ka leƙa waje bayan sallah: in hazo ya kai ba ka hango fitilar da ke nesa da kai kamar tsawon filin ƙwallo uku, ka koma ciki. Tsallen igiya minti ɗaya, hutun daƙiƙa 30, sau 15, sai tsugunno da miƙewa sau 20 har zagaye uku, sun maye gurbin gudun ranar. In hazon sama-sama ne, takunkumi ko ɗan ƙyalle a hanci yana ragewa, amma a gudu a hankali kawai. Mai asma ya fita da abin shaƙarsa a aljihu bayan ya shawarci likita, wanda ke tari ko zazzaɓi kuwa ya zauna har ya warke. Wannan atisayen na cikin gida shi ne kuma ya fi sauƙi ga matar da fitar asuba ba ta yiwu mata. In maigida zai riƙe yara minti 40 sau uku a mako, ita ma ta samu nata rabon, kuma hakan ya fi kowane lallashi sa ta goyi bayan fitarsa.

A kan titi, mai gudu ya bi hagu yana fuskantar motoci, mai keke ya bi dama tare da su, da farar fitila a gaba da ja a baya da riga mai haske. Direban tirela ko mai Napep ba ya ganin baƙar riga cikin hazo. A zaɓi zagayen kilomita biyu zuwa uku a cikin gari, kamar titunan GRA ko kewayen filin wasa na Muhammadu Dikko, a riƙa maimaitawa. Zagaye kusa da gida yana ba ka damar katsewa in lokaci ya ƙure. Saboda halin tsaro, kada a nausa hanyoyin bayan gari cikin duhu, doguwar tafiyar Asabar a jira gari ya waye, a fita mutum uku zuwa sama, a kuma gaya wa na gida hanyar da aka bi.

Keke ma yana jin hunturu. Mai da yawa a sarƙa yana kama ƙura, su haɗu su riƙa cin ƙarfe kamar sanfefa. Duk mako a goge sarƙar da tsumma, a ɗiga mai digo ɗaya a kowace gaɓa, a juya feda, a sake goge na sama. Ƙaya a gefen titi ba ta ƙarewa, mai faci kuma bai buɗe ba ƙarfe shida, don haka tib na ajiya da ƙaramin famfo da abin ɓalle taya su zauna a ƙarƙashin sirdi.

Gumi yana bushewa nan take a busasshiyar iska, sai mutum ya zaci bai rasa ruwa ba. Ka sha kofi ɗaya zuwa biyu da dabino uku kafin fita. Wata rana ka hau sikeli kafin fita da bayan dawowa: kowane kilo da ya ragu kusan litar ruwa ce da za ka mayar. Fitsari mai duhu da hantsi alama ce ba ka sha isasshe ba. Cikin awa ɗaya da dawowa a karya da koko da ƙosai, ko kunun gyaɗa, ko burodi da ƙwai.

A shekarun nan azumi yana kamawa a ƙarshen hunturu. Idan ya shigo, a daina atisayen bayan asuba, tunda babu damar mayar da ruwa sai magariba. A rage yawan atisayen zuwa rabi, a mayar da shi minti 30 a hankali kafin shan ruwa, ko bayan asham ga ranar da ake son ɗan zafi, doguwar tafiyar Asabar kuma a ajiye ta sai bayan Sallah.