Yadda ake canza man birkin a-kori-kura da fitar masa da iska

Da yawa daga cikin masu a-kori-kura a Kano ba canza man birki suke yi ba, ciko suke yi. In ya yi ƙasa a ƙara, shekara da shekaru. Alhali DOT 3 da DOT 4, wato nau'o'in man birki, suna zuƙar damshin iska a hankali, musamman da damina. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai 230 a ma'aunin Salshiyas, amma in ya sha ruwa, wajen 155 ma ya isa. Ka lodo buhunan masara daga Dawanau a zafin Afrilu, kana taka birki kana saki cikin cunkoso, sai man ya tafasa ya yi kumfa, feda ta lume har ƙasa. Shi ya sa ake son zubar da tsohon duk shekara biyu.

Ka tanadi sabon mai kamar lita ɗaya, irin wanda aka rubuta a murfin tankinsa. In za ka saya a Kofar Ruwa, karɓi wanda bakinsa ke like, kada ka yarda da na buɗaɗɗiyar roba komai arha. DOT 5 kuwa jinsinsa daban ne, ba ya gauraya da waɗancan. Baƙin mai ko man giya ko ɗigo kada ya shiga, kumbura robobin ciki yake yi. Sai sifana mai zobe lamba 8 ko 10, siririn tiyo da ake ganin cikinsa, gorar ruwa, sirinji, jak, da mutum ɗaya da zai zauna a sitiyari.

Ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ka kashe inji, ka tokare tayoyi. In ka ɗaga ta, sa mata abin tallafi, jak kaɗai ba abin amincewa ba ne. Goge ƙurar da ke kan tankin kafin ka buɗe, ka zuƙe tsohon man da sirinji, ka cika da sabo. Wanda ya zuba a jikin mota ka wanke shi da ruwa nan take, fenti yake ci.

Ana farawa da tayar da ta fi nisa da masta, wato famfon da feda ke dannawa ya tura mai zuwa tayoyi. A yawancin motocinmu masu sitiyari a hagu, ta baya ta dama ce, sai ta baya ta hagu, ta gaba ta dama, sannan ta gefen direba. In littafin motarka ya faɗi wani jeri, bi nasa.

A bayan kowace taya akwai ɗan notin fitar da iska mai hular roba. Sa sifana, ka cusa tiyo a bakinsa, ɗaya bakin kuma ya nutse cikin ɗan man da ka zuba a gora. In notin ya cije da tsatsa, fesa masa man sassauta tsatsa ka ba shi lokaci. Ka murɗa da ƙarfi ya karye, aikin yini ya same ka.

Nan ne sai kunnuwa sun buɗe. Ka ce wa na ciki, "Taka sau uku, ka danne." Ya amsa, "Na danne, maigida." Ka sassauta notin kaɗan, mai ya fito baƙi kamar ruwan bunu, da ƙwayoyin kumfa suna bin tiyo, feda ta yi ƙasa. Ka ɗaure, sannan ka ce, "Saki." Duk aikin a kan wannan jerin yake: in ya ɗaga ƙafa notin yana buɗe, iskar da ka kora ta koma. Ni nakan sa ɗan katako ƙarƙashin feda, don a tsohuwar mota, in ta kai can ƙarshe, robar masta kan gogi tsatsa ta yage.

A maimaita har man ya fito garau ba kumfa. Bayan kowane zagaye huɗu ko biyar, leƙa tankin ka cika. Ya ƙafe, iska ta shiga masta, kun koma farko, kuma a mota mai ABS, na'urar da ke hana tayoyi cijewa in an taka birki da ƙarfi, wataƙila sai an haɗa da kwamfuta kafin ta fita.

Wasu tsofaffin Hilux suna da bawul kusa da gindin baya mai daidaita birki gwargwadon nauyin kaya, shi ma da nasa notin. Yaran gareji kan manta da shi, feda ta yi ta laushi a rasa dalili. Yi shi bayan ka gama da tayoyin.

In kun gama, cika tankin zuwa layin sama, mayar da hulunan roba, ka tayar da inji ka danne birki na ɗan lokaci. Feda ta tsaya cak, haka ake so. In tana sulalewa a hankali, akwai yoyo ko masta ta gaji. Gwada motar a layin da ba yara ba 'yan adaidaita kafin ka hau Titin Zariya. Tsohon man kuma ka rufe shi a gora ka kai gareji, kada ka tuttular a kwata.