Yadda za ka gama West Highland Way tare da abokinka

Rana ta uku muka yi faɗa, a gaɓar tafkin Loch Lomond, jim kaɗan bayan mun wuce Inversnaid. Ni da mutumin da muka shekara biyu muna ci a kwano ɗaya a Glasgow ba a taɓa jin kanmu ba. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni yadda ake gama hanyar nan da aboki, daga nan nake fara masa.

West Highland Way hanyar tafiya da ƙafa ce a ƙasar Sikotilan, kilomita 154, an buɗe ta a 1980. Tana tashi daga Milngavie a gefen Glasgow (mutanen wurin "Malgai" suke cewa, kada ka karanto wa mai sayar da tikiti yadda aka rubuta) ta dire a Fort William. Ɓata da wuya, domin akwai turaku masu alamar furen ƙaya duk tsawonta. Mu kwana bakwai muka raba ta: Drymen, Rowardennan, Inverarnan, Tyndrum, Kingshouse, Kinlochleven, sai Fort William. Idan ba ku saba ba ku yi takwas, ku raba zangon Tyndrum zuwa Kingshouse gida biyu, don kusan kilomita 30 ne.

Tun kafin ku sayi ko safa, ku zauna ku yi maganar da ake jin nauyin yi: idan ƙafar ɗaya ta ƙi, ɗayan zai ci gaba ko tare za a koma? Ku yanke tun kuna da ƙoshi a ɗaki. Wanda ya bari sai yana zaune a kan dutse cikin ruwan sama, gwiwa a kumbure, ba gaskiyar zuciyarsa zai faɗa ba, kara zai yi, daga baya kuma ya riƙe abin. Maganar kuɗi ma haka. Mu asusu ɗaya muka yi, shi ke riƙewa, domin ni ba a ba ni ajiya.

To, faɗan. Ni na fi shi sauri. Sai in yi gaba in bar shi, in sami dutse in zauna in jira, a ganina kirki nake yi. Da ya iso yana haki sai in miƙe in ce mu je. Ka ga ni na huta minti goma, shi ko ɗaya bai samu ba. Kwana biyu yana haɗiyewa. A rana ta uku kuwa hanyar ta rikiɗe, daga Inversnaid zuwa Inverarnan ba tafiya ake ba, dabo ake yi a kan saiwoyin itace da duwatsu masu santsi, wani wurin har sai ka dafa da hannu, tafki yana gefen hagunka. Ya iso, na miƙe kamar kullum, sai ya sauke jakarsa ƙasa ya ce, "Malam, kai kaɗai Allah ya halicci gajiya dominka?" Na ce ai jiransa nake. Ya ce, "Wannan ba jira ba ne, gori ne." Mun fi awa ɗaya ba wanda ya ce wa wani uffan.

Dokar da muka kafa a daren nan ita ta kai mu ƙarshe, ita kuma nake ba kowa: hutu yana farawa ne daga lokacin da na baya ya iso ya sauke jaka. A wuri mai wuya kuma mai sanyin ƙafa shi ne a gaba. Mai sauri zai ji kamar an ɗaure shi, ya yi haƙuri, kwana ɗaya ne zai saba. Idan kuma jakar ɗaya ta fi nauyi a raba, tanti wajen wannan, tukunya da abinci wajen wancan. Akwai masu kai kaya da mota daga masauki zuwa masauki ana biyansu, ba abin kunya ba ne.

Ƙafa ita ce jarinka. Kada ka fita da sabon takalmi, ka yi makonni kana yawo da shi tukuna. Yanke farce. Da ka ji wani wuri ya fara zafi, tsaya nan take ka manna filasta kafin ya yi bororo, ko da minti ashirin ke nan da tashinku. A nan abota take aiki, domin mutum yakan ɓoye don kada a ce ya cika raki. Ka riƙa tambayarsa kai tsaye, "Mutumina, ya ƙafar?" Idan ya ce lafiya lau da sauri, ka ce ya cire ka gani.

Sai ƙwarin nan da suke kira mij. Ƙwayar gero ta fi su girma, amma garke guda suke zuwa, musamman da sassafe da yamma idan iska ta kwanta, daga wajen ƙarshen Mayu har Satumba. Sauronmu mai mutunci ne a kansu, shi aƙalla yana sallama. Ku sayi ragar rufe kai da maganin shafawa irin Smidge, kowa nasa. Da dare ku duba jiki saboda kaska. Masu tanti su sani cewa dokar ƙasar ta ba da damar kwana a daji, amma a wasu sassan gabashin Loch Lomond daga Maris zuwa Satumba sai da izini ko a wurin da aka keɓe.

Abinci na halal ba ya samuwa ko'ina. Kifi da soyayyen dankali ya cece mu, ga dabino da gyaɗa da garin kwaki a jaka. Ku cika jaka a Tyndrum, don daga nan ba kanti na kirki sai Kinlochleven. Salla kasaru muka yi. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, asuba kuma tana kan wuya, saboda haka ku tambayi malaminku tun kafin ku fita, ku tsayar da yadda za ku yi, ku kuma yi yarjejeniyar wanda zai tashi wani.

Rannoch Moor fili ne fetal, fadama da ƙananan tafkuna, ba gida ba rumfa daga Inveroran har kusa da Kingshouse. Tsohuwar hanya ce ta duwatsu da ke dukan tafin ƙafa. A nan hira take ƙarewa, kuma ba laifi. Kada ka ɗauki shirun abokinka fushi ne, kada ka yi ta tono shi. Rigar ruwa dai ta kasance a saman jaka.

Hawan da ake kira Devil's Staircase, wato matakalar Shaiɗan, sunansa ya fi shi ban tsoro. Shi ne wuri mafi tsayi a hanyar, wajen mita 550, amma a karkace aka yanka shi. Gangaren Kinlochleven ne mai cin gwiwa, dogo ne kamar ba zai ƙare ba. Sanda tana da rana a nan.

Ranar ƙarshe kilomita 24 ce, ta kwarin Lairigmor, sannan ku gangaro Ben Nevis yana gabanku, dutse mafi tsayi a Birtaniya, mita 1,345. A nan mai sauri zai ji ƙafarsa tana ƙaiƙayi. Ka danne. Ka kuma gaya wa abokinka tun da wuri cewa alamar da za ku gani a bakin gari tsohon ƙarshe ce. Tun 2010 aka mayar da shi can ƙarshen babban titin garin, a Gordon Square, inda akwai mutum-mutumin wani matafiyi zaune a benci yana murza ƙafarsa. Ni ban gaya masa ba, ya riga ya yi hamdala ya sassauta igiyar takalmi, sai da na lallashe shi kamar yaro. Da muka isa shi na bari ya fara zama a bencin. Wata tsohuwa ta ɗauke mu hoto, ta yanke mini rabin kai.

Ku sayi tikitin komawa tun da wuri, jirgin ƙasa zuwa Glasgow kusan awa huɗu ne. Ka zauna ta taga, zai ratsa da ku ta wani gefen Rannoch Moor ɗin. Shi mutumina tun kafin mu bar gari ya yi barci.