Kafin ka kai janareta wurin bakanike, leƙa kafireto

Yawancin ƙananan janaretocin da ake kawo min shago wai sun ƙi tashi, ba abin da ke damunsu sai datti a kafireto, wato wurin da fetur ke gauraya da iska kafin su shiga inji. In ka san hanyar da mai ke bi, da kanka za ka gyara.

Fetur na gangarowa daga tanki ta tiyo, ya taru a ɗan kofin da ke ƙasan kafireto. Cikin kofin akwai fulot da ke yawo a kan mai. Kofi na cika sai ya taso ya danna wata 'yar allura ta toshe hanya, mai na raguwa ya sauka, hanya ta buɗe. Daga nan ba famfo ne ke tura man sama ba, iska ce ke jan sa. Fistin, wato ƙarfen da ke hawa da sauka cikin inji, in ya sauka sai ya zuƙo iska ta wani maƙogwaro da aka tsuke a tsakiya. A tsukin nan iskar ke ƙara gudu, ta tsotso fetur ta ɗan ramin da muke kira jet, ya fito kamar feshin turare. A nauyi, kusan kashi 15 na iska ake so ga kashi 1 na fetur. Cok kuwa rage iskar yake yi, don mai ya yi rinjaye lokacin da inji ke da sanyi. To, in janaretanka ba ya aiki sai da cok a rufe, galibi jet ne ya toshe.

Rufe makunnin mai, ka yi nesa da wuta. Kwance notin ƙasan kofi, ka juye abin da ke ciki a farar roba. Ruwa ko jan laka za ka gani kwance a ƙasa, musamman in man bumburutu kake saye. Cire jet da sukudireba, wanke shi da fetur mai tsabta, ka hura, sannan ka ɗaga shi ga rana. Sai ka ga haske zagaye sosai ta ramin. Don Allah kar ka zura masa allurar ɗinki! Jet na tagulla ne, ba shi da tauri, rami na faɗaɗa ka shiga sayen mai ba ƙaƙƙautawa.

Kafin ka mayar, duba soson tace iska, don ƙurar hunturu na toshe shi. Fulogi ma na ba da labari: baƙi wuluk, mai ya yi yawa, fari fat, ya yi kaɗan. In za ka ajiye janareta na makonni, rufe makunnin mai yana aiki, ka bar shi ya mutu da kansa, don fetur in ya daɗe a kofi danƙo yake zama.