Yadda ake yi wa tsohon babur rajistar abin hawa na tarihi a Birtaniya

Wanda ya tashi yana ganin Vespa da Honda Benly a titunan Kano ko Zariya, sannan rayuwa ta kai shi Ingila, ba wuya ya ga irin wannan babur a kasuwa zuciyarsa ta raya masa ya saya. Dokar Birtaniya ta ware wa irin waɗannan ababen hawa rukuni na musamman, wanda a takarda ake rubuta shi Historic Vehicle, kuma babur ɗin da ya shiga rukunin ba a biya masa harajin hanya, ba a tilasta masa gwajin lafiya na shekara-shekara da ake kira MOT, ba a kuma karɓar kuɗin shiga yankin rage hayaƙin ababen hawa na London da ake kira ULEZ, wanda ya kai fam 12.50 a kowace rana. Abin da nake so mai niyya ya riƙe tun daga farko shi ne, hukumar DVLA da ke Swansea, wadda rajistar ababen hawa ke hannunta, ba ta duba kyan fenti ko ƙyallin tanki. Abin da take dubawa shi ne lambar da aka buga a jikin firam, wato ƙarfen da yake ƙashin bayan babur, da takardar da ta tabbatar da shekarar da aka ƙera wannan firam ɗin.

Sharaɗin shekaru arba'in ne, amma lissafinsa iri biyu ne, kuma a nan mutane da yawa suke rikicewa. Yafe haraji yana farawa ne daga 1 ga Afrilu, ga babur ɗin da ya riga ya cika shekara 40 kafin 1 ga Janairun wannan shekarar. Misali, daga 1 ga Afrilu 2025 aka buɗe ƙofa ga wanda aka ƙera kafin 1 ga Janairu 1985, kuma kowace shekara iyakar tana matsawa gaba da shekara ɗaya. Idan ba a san ranar ƙira ba, amma an yi wa babur rajistar farko kafin 8 ga Janairun shekarar da ke kan iyaka, hukuma tana ɗauka cewa a shekarar da ta gabata aka ƙera shi. Yafe MOT kuwa, wanda ya fara aiki a wannan tsari ranar 20 ga Mayu 2018, ba ya jiran Afrilu: da zarar babur ya cika shekara 40 ya cancanta, muddin ba a yi masa babban sauyi ba a cikin shekaru 30 da suka wuce. Sauya firam da wani iri daban, ko ɗora injin da ba na wannan samfurin ba, shi ne irin sauyin da ake nufi, kuma mai babur ne da kansa yake sa hannu cewa ba a yi hakan ba, don haka alhakin gaskiyar maganar yana wuyansa.

Kafin a biya kuɗin babur, kafin ma a fara ciniki, a durƙusa a nemi lambar firam. A yawancin baburan Honda da Yamaha na shekarun 1970 tana nan a wuyan babur, inda kan yake juyawa, ita kuwa lambar inji tana jikin ƙwaryar injin. A goge wurin da tsumma da ɗan kananzir, a haska da tocila daga gefe domin ramin kowane harafi ya fito, sannan a kwatanta da abin da ke cikin takardar mallaka, wato V5C, harafi bayan harafi. Ni kaina na yi kuskure a nan da wata Honda CD175 da na saya. Ɗokin ganin ta dawo sabuwa ya sa na kai firam ɗin wurin masu fenti kafin in taɓa maganar takardu, suka zuba masa fenti mai kauri har ya cike lambobi biyu na ƙarshe, ya zama ba a bambance 3 da 8. Sai da na zauna da mai narkar da fenti da tsohon buroshin haƙori ina sassaɓe wurin a hankali, domin da na sa takardar yashi ko abin goga na cinye ƙarfen, da zargin an taɓa lambar ya hau kaina, kuma wannan zargi ya fi ɓacewar lambar muni. Saboda haka a ɗauki hoton lambobin biyu tun babur yana cikin tsatsarsa, a kuma ɗora farar takarda a kai a goga da fensir a adana zanen.

Idan babur yana da V5C kuma shekarar da ke ciki daidai take, aikin na yini ɗaya ne. Da farko takardar ta dawo da sunanka, domin ba a sauya rukunin haraji da takardar mai shi na da. Idan ta ɓata, fom V62 ake cikewa a biya fam 25. Daga nan sai ka je gidan waya da ke karɓar harajin ababen hawa, domin ba kowane reshe ne yake yi ba, ka tafi da V5C, da takardar tunatarwa ta V11 idan an aiko maka, da shaidar MOT mai rai ko kuma fom V112 wanda da shi ake bayyana cewa babur ya fita daga wajibcin gwajin. A Ireland ta Arewa ana haɗawa da takardar inshora. Ma'aikacin zai karɓi V5C ya aika Swansea, sabuwa ta iso maka ta gidan waya bayan 'yan makonni, kuma idan akwai cikakkun watannin da ka riga ka biya wa haraji za a mayar maka da kuɗinsu. Ba a yin wannan sauyin farko ta intanet, kuma ba ya faruwa da kansa don kawai babur ya tsufa. Wanda bai nema ba zai ci gaba da biya.

Wahalar tana ga babur ɗin da ya shekara fiye da arba'in a kulle a gareji, wanda sunansa bai taɓa shiga kwamfutar hukuma ba. Lokacin da aka mayar da rajista daga ofisoshin ƙananan hukumomi zuwa Swansea, an rufe karɓar tsofaffin takardu a 1983, kuma duk wanda mai shi bai kai ba ya faɗi daga lissafi. Irin wannan babur yana iya dawo da lambarsa ta asali ta hanyar fom V765, amma sai da hujjar da ta haɗa lambar da wannan firam ɗin: tsohon katin rajista mai ruwan ƙasa ko kore, ko tsohuwar takardar MOT, ko zagayayyar takardar haraji ta wancan zamani, ko kwafin rajistar da ke ajiye a ma'adanar tarihin gundumar. Ba kai tsaye ake aika fom ɗin ba, sai wata ƙungiyar masu tsofaffin ababen hawa da ke cikin jerin da DVLA ta amince da su ta duba ta sa hannu. Vintage Motor Cycle Club, wadda aka kafa a 1946, tana cikin waɗanda aka fi sani, kuma kusan kowane sanannen kamfani yana da ƙungiyar masu baburansa. Suna karɓar ladan aikinsu, sukan kuma aiko mutum ya ga babur da idonsa. A ganina kuɗin nan ya cancanci biya, domin lambar asali wani ɓangare ne na tarihin babur, haruffanta ma suna nuna garin da aka fara yi masa rajista. A sani dai cewa lambar da aka dawo da ita ta wannan hanya ba a sayar da ita ko a mayar da ita kan wani abin hawa.

Idan babu wata hujja ta tsohuwar lamba, ko kuma daga waje aka shigo da babur, sai a nemi sabuwar lamba mai dacewa da shekarunsa. Ana cike fom V55/5, a haɗa da takardar tabbatar da shekarar ƙira daga kamfanin da ya yi shi ko daga ƙungiya, da hotuna, da shaidar suna da adireshi, da kuɗin rajistar farko fam 55. Wanda ya ɗauko Vespar mahaifinsa daga gida ya kawo ta Ingila yana da ƙarin mataki gaba da wannan: dole a sanar da hukumar haraji da kwastam ta HMRC cikin kwana 14 da isowarta, ta tsarin da ake kira NOVA, kuma DVLA ba za ta taɓa fom ɗin ba sai wannan ya kammala. Haka nan kada a sayi babur ɗin da aka shigo da shi ba tare da mai sayarwa ya nuna shaidar NOVA ba. Inda aka kasa tabbatar da shekara ko asalin firam, lamba mai farawa da harafin Q ake bayarwa, wadda take rage darajar babur a kasuwa, ta kuma sa inshorarsa ta yi wuya.

Sai bayan duk wannan ake zuwa maganar farantin lamba baƙi mai haruffan azurfa, wanda shi ne yake jan yawancin mutane tun farko. Shiga rukunin tarihi kaɗai ba ya ba da izinin sa shi. Tun daga 1 ga Janairu 2021 an tsayar da iyakar wuri ɗaya: sai babur ɗin da aka ƙera kafin 1 ga Janairu 1980, wanda kuma yake cikin rukunin tarihi. Na 1982 ko 1984 zai samu yafe haraji, amma farantinsa na baya zai ci gaba da zama rawaya mai baƙaƙen haruffa. Sa farantin da bai dace ba yana iya jawo tara har fam 1,000. A sayi faranti daga mai sayarwa da ke da rajista, wanda zai nemi ganin V5C da shaidarka kafin ya buga. Farantin gaba ba dole ba ne. Tsofaffin babura suna iya ɗauke da shi a kan madigadi idan mai shi yana so.

Akwai abubuwan da rukunin bai ɗauke wa kowa ba. Kowace shekara sai an sabunta harajin duk da cewa kuɗin sifili ne, ko kuma a yi sanarwar SORN cewa babur yana ajiye ba ya hawa titi, kuma sakaci da wannan yana jawo tara. Inshora wajibi ce. Yafewar ba ta shafi babur ɗin da ake haya da shi ko ake kasuwanci da shi ba, don haka wanda yake tunanin kai saƙon abinci da shi bai cancanta ba. Lafiyar babur kuma tana nan a wuyan mai shi, domin hawa abin hawa mai hatsari yana iya kai wa ga tarar fam 2,500 da makin laifi uku a lasisi. Saboda wannan ne nake kai CD175 ɗina gwajin MOT da son raina kowace bazara, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka. Tayar da ta shekara goma sha biyar tana iya kasancewa da zanenta cif alhali robar ta bushe ta tsattsage a gefe, wayar birki kuma takan fara tsinkewa daga cikin bututunta inda ido ba ya kaiwa, kuma bakanike da ya ɗaga babur ya juya ƙafar gaba da hannunsa yakan ji abin da mai shi ya saba da shi har ya daina lura.