Yadda Ƙungiya Za Ta Haɗa Kuɗin Murhu Mai Tsimin Itace Ga Gidajen Masu Ƙaramin Ƙarfi

Duk wanda ya taɓa leƙa madafin gidan talaka da magariba ya ga uwargida tana fifita wuta tana share hawaye, ga goyo a bayanta yana shaƙar hayaƙin da take shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatar iskar cikin gida, wadda hayaƙin girki ne babban tushenta, ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2. Murhun da zai rage wannan hayaƙi yana nan a kasuwa, abin da ke wuya shi ne kuɗinsa a dunƙule, domin matar da ke sayen itacen yau da cinikin yau ba ta da halin fitar da dubban naira a tashi ɗaya. Saboda haka aikin da ke gaban ƙungiyar mata, ko kwamitin masallaci, ko ƙungiyar ci gaban unguwa, shi ne ta tsara yadda za a rarraba wannan kuɗi daidai ƙarfin masu biya.

Kafin ku nemi ko sisi daga wajen kowa, ku zaɓi gidaje goma ku rubuta abin da kowannensu ke kashewa a itace ko gawayi har mako biyu. A ce, alal misali, gida yana sayen itacen naira 700 a rana, sabon murhu kuma ya rage rabi. An samu rarar naira 2,450 ke nan a mako, wato murhun naira 30,000 zai biya kansa cikin mako 13. Wannan lissafi shi ne hujjarku a gaban maigida da kuma duk wanda za ku roƙa ya sa hannu. Amma yana aiki ne inda ake sayen makamashi. A ƙauyen da ake girki da kara da ƙirare da kashin shanu, murhu yana rage wa mace wahalar zuwa daji, amma ba ya sa mata kuɗi a hannu, don haka ɗora mata bashin murhun ƙarfe mai tsada zalunci ne. Abin da ya dace da irin wannan wuri shi ne murhun laka da ake ginawa a gida, kuɗin ƙungiya kuma ya tafi wajen koya wa mata biyu ko uku ginawa da yi masa yaɓe.

Kada ku sari murhu da yawa sai matan da za su yi amfani da shi sun gwada shi da hannunsu. Ku ɗora tukunyar da suka saba da ita, a tuƙa tuwo na gaske a kansa, domin murhun da ke rawa a ƙarƙashin muciya, ko wanda bai ɗaukar tukunyar gida mai mutum goma sha biyar, ƙarshensa ya koma mazubin gero a ƙuryar ɗaki. A Nijar an daɗe da sanin murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi, wanda maƙeran gida ke ƙerawa. A Najeriya kuwa akwai Save80, wanda ƙungiyar DARE ta Kaduna ta yaɗa tare da atmosfair ta Jamus, daga baya aka kafa masana'antarsa a Kano. Yana tsimin itace ƙwarai, sai dai ya fi na maƙera tsada.

A ganina rabon kyauta ne hanya mafi rauni. A 2014 majalisar zartarwa ta tarayyar Najeriya ta amince da kashe naira biliyan 9.2 don sayen murhu 750,000 da za a raba wa matan karkara, shirin kuma ya ƙare cikin taƙaddamar kwangila da ce-ce-ku-ce. Ko da kayan kyauta sun iso, wanda bai sa ko kwabo ba yakan sayar da su a kasuwa, sannan maƙerin unguwa ya rasa ciniki tunda kowa yana jiran rabo na gaba.

Hanya mafi sauƙi ita ce wadda matanmu suka riga suka ƙware a kai, wato adashi. Mata 20 da ke zubin naira 1,500 a mako suna tara naira 30,000, wato murhu ɗaya duk mako, cikin mako 20 kowa ta samu nata. Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne uwar adashi ta kai kuɗin kai tsaye wajen mai sayar da murhu, mai kwasa ta karɓi murhu a hannu, domin kuɗin da ya kwana a gida ba ya tsira daga suna da biki da maganin yaro. A fara ba wa masu ƙosai da masu tuwon sayarwa kwasar farko, saboda su ne suka fi kowa ƙona itace, kuma a bakin titi suke girki inda duk mai wucewa zai gani. Kamfanin Toyola na Gana ya yi wata dabara da ta cancanci koyi: yakan ba da murhun gawayi bashi tare da ɗan gwangwanin asusu, mai saye tana jefa abin da ta rage na kuɗin gawayi a ciki, daga nan take biya.

Idan ƙungiya ta samu jari, ko daga wani mai hali ko daga gudummawar 'yan asalin gari mazauna birni, to kada a cinye shi a rabo ɗaya. A mayar da shi asusun da ke juyawa: a sari murhu a farashin sari, a sayar wa mambobi bashi, abin da ya dawo a sake saro wasu. A tsayar da farashi guda tun ranar ciniki, da 'yar riba sananniya wadda za ta ɗauki kuɗin mota da ladan mai karɓar zubi, kuma kada a ƙara komai a kan wadda ta yi jinkiri, domin ƙarin da jinkiri ya jawo kuɗin ruwa ne da shari'a ta hana, kuma da zarar an ji ƙamshinsa mutane za su janye jiki. Kowa ta ba da kafin alƙalami, ko da kashi ɗaya cikin biyar ne, mata biyar-biyar kuma su tsaya wa juna a maimakon jingina. Kada wa'adin biya ya wuce wata huɗu zuwa shida, tunda farashin kaya ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma jarin da ya daɗe a hannun mutane yakan dawo bai isa sayen abin da ya saya jiya ba. Littafi ɗaya ya isa, a rubuta suna da lambar murhu da ranar karɓa da kowane zubi, a riƙa karanta shi a bainar jama'a a taron wata.

Akwai waɗanda ko zubin ba za su iya ba, kamar matar da miji ya rasu ya bar ta da marayu, ko tsohuwar da ke riƙon jikoki. Nan ne zakka da sadaka ke shigowa, kuma jihohi irin su Kano da Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da wakafi da za a iya kai wa buƙata a rubuce. Sai dai zakka mallaka wa mabuƙaci ake yi, don haka kada a zuba ta cikin asusun bashi. A keɓe ta, a kuma nemi fatawar malami kan yadda za a bayar da ita. Asusun bashi ya fi dacewa da sadaka da wakafi.

Wata hanyar kuma ita ce kuɗin rage hayaƙi, wanda ake kira kuɗin kabon. Kamfanonin ƙetare suna biyan kuɗi a kan kowane tan na hayaƙin da aka hana tashi, bayan hukumomi irin su Gold Standard ko Verra sun tantance, kuma da wannan kuɗi ne ake karya farashin murhu irin Save80. Ƙaramar ƙungiya ba za ta iya ɗaukar nauyin rajista da tantancewa ita kaɗai ba, sai dai ta zama wakiliyar wanda ya riga ya yi. Kafin a sa hannu, a tambaya a rubuce nawa aka rage a farashi, wa zai yi gyara, kuma shekara nawa yarjejeniyar za ta ɗauka, sannan a bayyana wa kowace mace cewa takardar da take dangwala wa yatsa tana miƙa haƙƙin kuɗin kabon ɗin murhunta ne ga kamfanin. Kada a yarda a ƙara yawan gidaje a takarda, domin masu bincike sun riga sun bankaɗo zuzuta alƙaluma a irin waɗannan ayyuka, kamfanonin da ke biyan kuɗin kabon kuma sun ƙara sa ido.

Gas ya fi duk waɗannan tsabta, kuma ana iya sayen tukunyarsa ta adashi, amma cika ta ne ke kayar da mutane. Tsadar da ta biyo bayan faɗuwar naira daga 2023 ta mayar da gidaje da yawa ga gawayi. A ba da shi ga gidan da ke da kuɗin shiga tsayayye kuma yake kusa da wurin cikawa.

Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne bayan kaka, sa'ad da mutane ke da ɗan abin hannu, hunturu kuma yana ƙaratowa da buƙatar ruwan zafi da ɗumama ɗaki, balle gidan da ake wankan jego. Duk wadda aka miƙa wa murhu a gaya mata ƙarara cewa gawayi yana fitar da iska mai guba marar launi marar wari, ko a kasko yake ko a sabon murhu, saboda haka ba a kwana da shi a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga. Bayan wata ɗaya wakiliyar ƙungiya ta zagaya gidajen da lokacin girki, ta duba ko murhun na kan aiki ko an koma duwatsu uku, ta kuma tafi da sunan maƙerin da aka yi yarjejeniya da shi zai riƙa gyara duk wanda ya lalace.